Tsakuwar da Palakiko Ya Kwaso

Palakiko Nahale bai taɓa shanye gahawa a zaune ba. Zai karɓi kofi yana kan benci, kurɓa ta biyu yana bakin ƙofa, daga nan kuma sai dai ka bi sawunsa ka ɗauko kofinka a kan katangar coci. Tare muka tashi a Honomalu, kuma tun da na zama akawun ƙungiyar masunta tagar ofishina ke kallon mashigar kwalekwale, saboda haka kusan duk tafiyarsa da dawowarsa a gabana aka yi su.

Ya yi kiwon shanu a kan doki a tuddan Waimea. Ya sari rake a Ka'u, ya tsinki gahawa a gonakin da ke sama da mu, ya yi wa masu fasa hanya girki, ya kuma daɗe yana aiki a jiragen da ke zirga-zirga tsakanin tsibirai. Ba korarsa ake yi ba. Hannunsa na da kyau, duk abin da ya taɓa sai ya iya. Matsalar ita ce ranar da ya iya aiki, ranar aikin ke fita daga ransa. Sai ka gan shi ya sauko daga motar wasiƙu da jaka a kafaɗa, yana dariya tun daga nesa, da sabon tabo a hannu da sabon labari a baki. Mutanen gari suka sa masa Sarkin Yawo, yana kuwa amsawa.

Tsakanin wata dawowa da wata tafiya ya auri Mileka, 'yar tsoho Kekipi, suka haifi 'yan mata biyu. Mileka mace ce da ba ta maimaita magana. Da ya dawo daga Honolulu a shekarar da nake ba da labarinta, ta tare shi a bakin ruwa a gaban mutane, tana rungume da kwandon busasshen kifi, ta ce:

"Palakiko, ƙaramar 'yarka ta hango ka ta tambaye ni ko mai kananzir ne ya zo. In za ka zauna, ka zauna. In kuwa ka sake hawa jirgi, ka tafi da tabarmarka."

Ya ce zai zauna, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma a Honomalu abin da ke zaunar da namiji shi ne ko'a. Kowane tsohon gida na da tasa: wani wuri can cikin teku inda kifin opelu ke taruwa, inda kakannin gidan suka saba musu da abinci. A watannin da ba a kamu, mai ko'a kan fita da sassafe da dafaffiyar gwaza da kabewa, ya ƙwanƙwasa gefen kwalekwale, kifi su taso su ci, ya dawo gida hannu wofi. Haka zai yi ta yi har lokacin kamu ya zo, sannan ya sauke koma. In aka daina ciyar da su, watsewa suke yi. A kan ruwa babu abin da ke nuna wurin. Alamunsa na tudu, kuma mai shi kaɗai ya san abin da yake jerawa da ido ya ce ya iso.

Gidan su Palakiko ba su da ko'a. Ta Kekipi kuwa ita ce mafi albarka a gaɓarmu, kuma ba shi da ɗa namiji. Palakiko ya je ya durƙusa ya roƙa.

Tsohon ya ce, "In nuna maka, ka je ka bayar da ita a mashayar Hilo a kan kwalba ɗaya? Ranar da ka ci ni a kan dutse, ranar zan nuna maka."

Dutsen da yake nufi shi ne falalen da ke ƙarƙashin babbar bishiyar bakin ruwa, wanda mutanen dauri suka sassaƙa wa gurabe jere-jere don konane, darar tsibiranmu. Ana cika guraben da tsakuwa, baƙa da fara, baƙa da fara, a cire biyu a tsakiya, sai a fara tsallake. Kowane motsi ci ne, kuma ba a tafiya a karkace. Ba wanda ya fi tara 'ya'ya ne ke nasara ba. Wanda ya duba ya rasa abin da zai tsallake, shi aka ci. A lokacin masu yin ta sun kusa ƙarewa, saura Kekipi da wasu tsofaffi ƙalilan, su ma kallonsa suka fi yi.

Palakiko kuwa darar Turawa ya koya a jirgi, inda kwasa ita ce gwaninta. Haka ya zo wa konane. Kullum da la'asar, in na rufe ofis, sai in same su a gindin bishiya, shi yana buga tsakuwa a kan dutse kamar mai fasa kwakwa, tulin 'ya'yan tsohon na ƙaruwa a gabansa.

"Ci, ɗana, ci," in ji Kekipi. "Ga wani can ma a gefe, kada ka bar shi ya kwana."

Palakiko ya ci. Can sai ya duba ya ga nasa 'ya'yan sun warwatsu, kowanne shi kaɗai a fili, babu na tsallakewa kusa.

"To yanzu ina zan bi?"

"Ka tambayi direban jirginku."

Tsofaffi su kwashe da dariya, a sake jera tsakuwa.

Kekipi na da wata ɗabi'a da ya ɗauka a 'yan shekarun nan. Kafin ya taɓa ɗa, sai ya shimfiɗa tafin hannu ya shafa dutsen gaba ɗaya, a hankali, kamar mai lallashin doki. Mu duka mun ɗauka don ya ƙular da surukinsa yake yi. In kuwa haka ne, ya samu abin da yake so. Palakiko zai karkaɗa ƙafa, ya tashi ya zagaya bishiya, ya jefa dutse a ruwa, ya kama wa wani igiya, ya dawo ya tsaya a kansa.

"Baba, za ka yi wasa, ko in je Hilo in dawo?"

"Je ka. Ka gaishe su."

Lokacin ciyarwa ya kama. Kowace safiya ina ganin kwalekwalen sauran gidaje na fita, na Kekipi kuwa na nan a rumfa, gizo-gizo na saƙa a kansa. Da farko ya ce kafaɗarsa ce. Sannan ya ce igiyar da ta ɗaure itacen gefe mai hana kwalekwalen kifewa ta ruɓe. Palakiko ya kwance ta ya ɗaura sabuwa a yini guda. Sai tsohon ya ce wata bai yi daidai ba. A makon nan kuma jirgin da ke zuwa kwasar busasshen kifi ya tsaya, shugaban ma'aikatansa ya ga Palakiko, ya ce masa akwai gurbin mutum ɗaya, zai riƙe masa har zuwansu na gaba.

Bayan jirgin ya tashi ya faɗo ofishina, ya shiga kai da kawowa tsakanin sikeli da ƙofa.

"Akawu, kai da ka iya lissafi, gaya mini yadda ake cin tsohon nan."

Na ce, "Ka daina karɓar duk abin da ya miƙo maka. Ka ajiye ci a gefe, wanda shi ba zai iya taɓawa ba, sai ƙarshe ka yi amfani da shi."

"In ga ci a gabana in bari?"

"Ka zauna mana, kana sa mini jiri."

"Ba zan iya ba. Ka san kifin nan sun kwana biyu ba su ga gwaza ba? In suka watse, ni me zan zauna in yi a garin nan? In riƙa taya ka goge sikeli?"

Duk da haka ya ɗan ji. Wasanninsu suka fara tsawo. Yana zaune a kan hannunsa na dama don kada ya yi saurin kaiwa, gumi na zuba, amma ƙarshen bai sake ba.

Sai guguwar kudu ta zo. Ta yaye rufin rumfuna, ta kayar da bishiyoyi a tudu, igiyar ruwa ta hau har gindin babbar bishiya. Da gari ya lafa aka tono baƙaƙen tsakuwa a cikin yashi, don suna da nauyi. Ƙoƙon fararen kuwa teku ta tafi da shi.

Kekipi ya ce wa surukinsa, "Ka bi gaɓa kudu, ka ƙetare baƙin dutsen da aman wuta ya bari. A lungun da ke bayansa ake ɗebo farare. Can kaɗai."

Tafiyar rabin yini ce a kan dutse mai yanka takalmi. Palakiko ya ce to. Kafin in gama share ofis na hango shi ya dawo da hularsa cike. A nan kusa ya kwaso, a mashigar kwalekwale, inda ruwa ya daɗe yana murza guntayen murjani har suka yi sumul kamar ƙwai.

Na ce masa, "Ba nan aka aike ka ba."

"Haba Akawu, fari ai fari ne. Jirgi na hanya, ni kuma in ɓata yini a kan tsakuwa?"

Da la'asar aka taru. Palakiko ya jera 'ya'ya, ya cire biyu ya ɓoye a hannuwansa, tsohon ya taɓa na hagu, baƙi ya faɗo masa. Ya shimfiɗa tafinsa a kan dutse kamar kullum. Hannun ya tafi rabin hanya ya tsaya. Ya dawo da shi ya sake shafawa.

"Ina ka ɗebo waɗannan?"

"Inda ka ce, Baba. To, kusa da inda ka ce."

Aka fara. Amma na lura da abin da ban taɓa gani ba: kafin kowane motsi sai Kekipi ya kai yatsa kusurwar dutsen, ya biyo gurabe ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. A konane ɗa ba ya barin irin gurbin da ya fara a kai, tunda biyu-biyu yake tsallakawa, saboda haka mai ƙirga daga kusurwa zai iya sanin launin kowane ɗa ko bai gan shi ba. Na san wannan, amma ban tambayi kaina abin da zai sa mai ido ya yi wannan wahala ba.

Wasan ya yi nauyi fiye da kullum, Palakiko kuwa ya kasa haƙuri. Ya zagaya bishiya, ya dawo, ya shiga ba da labarin wani mai girki da ya faɗa teku da tukunya a Lahaina. Yana tsakiyar labarin ya tsuguna ya ce, "Baba, rana fa za ta faɗi."

Yatsan tsohon ya tsaya a tsakiyar layi. Maimakon ya koma kusurwa, sai ya ɗauki ɗan da ke ƙarƙashin yatsansa, ya tsallake na kusa da shi, ya cire wanda ya tsallake ya ajiye a gefensa.

"Na ci," in ji shi.

Farin ɗan Palakiko tsohon ya ɗauka, ya ci nasa baƙin da kansa.

Babu wanda ya yi dariya. Palakiko ya dubi dutsen, ya dubi fuskar surukinsa. Ya ɗaga hannu a hankali ya gilma shi a gaban idon tsohon. Idon bai bi hannun ba. Tun da nake da Palakiko, ranar na fara ganin ƙafarsa ta tsaya cak.

"Baba, farin ka ɗauka."

Kekipi ya laluba ɗan, ya murza shi tsakanin yatsu. Murjanin kudu kaushi gare shi, kuma ba shi da nauyi. Ko a cikin duhu ba za ka haɗa shi da baƙar tsakuwa ba. Wannan kuwa santsinsu ɗaya.

"Haka ne?"

"Haka ne."

"To, ka ci. Wanda ya yi wasa da ɗan wani ya faɗi."

"Ban ci ba. Tsakuwar ce ba ta yi ba, ni na kwaso ta a nan bakin ruwa."

"Na ce ka ci!"

"Ni kuma na ce ban ci ba! In wannan ne ci, a kai kasuwa. Tun yaushe, Baba?"

"Tun yaushe me?"

"Kai ka sani."

Tsohon ya juya fuska wajen teku. "Ina ganin haske," in ji shi. "Kai ma ina ganinka, kamar kututture mai rawa. Kada ka tsaya kana jin tausayina, ɗan banza, ka ci ni a gaban mutane, ka karɓi abinka."

"Ba zan karɓa ba."

"Sai ka karɓa!"

Wani ya riga ya ruga ya kira Mileka. Ta zo hannunta duk poi, kirɓaɓɓiyar gwazar da muke ci, ta tsaya tana sauraron musun, ɗaya na rantsuwa an ci shi, ɗaya na rantsuwa bai ci ba. Ta dubi mahaifinta ta daɗe.

"Shi ya sa ka daina zuwa coci da littafin waƙa, ka ce duk ka haddace," in ji ta. Sannan ta ɗaga murya. "Ku yi ta musu har gobe, kifi na can da yunwa. Baba, gwaza na kan wuta. Da asuba ku fita, ko ni in fita."

A nan Kekipi ya faɗi abin da ya ɓoye. Tun ƙarshen ciyarwar bara ya fita wata safiya, ya juya ya dubi tudu, ya ga hazo kawai. Ya yi ta zagaye a ruwa, ya zubar da gwazar inda ya ga dama, ya dawo. Daga ranar bai sake fita ba. Mahaifinsa da yatsa ya nuna masa alamun, shi kuma ga shi ba shi da abin nunawa.

Washegari suka ce in zo in riƙe musu kwalekwale, don Palakiko zai sa kai a akwatin gilashin da ake leƙa ƙarƙashin ruwa da shi. Na tambayi dalilin da ya sa ni.

Kekipi ya ce, "Don kai ko dutsen Mauna Loa aka matsar ba za ka lura ba sai an kawo maka a takarda. Duk da haka ka juya wa tudu baya, ka ja hularka."

Haka na zauna ina fuskantar faɗin teku, ina tuƙi da baya-baya yadda aka umarce ni. Da muka yi nisa na ji tsohon na raɗa a kunnen surukinsa. Palakiko ya ce in ja dama, in ƙara, in tsaya. Alama ta farko ta hau. Aka sake raɗa. Sai Palakiko ya manta da sirri ya ɗaga murya:

"Wace kwakwa? Doguwar da ke bayan makabarta? Baba, ai guguwa ta kayar da ita! Ni da hannuna na sassare ta na gyara wa Mileka rumfa."

Wannan ita ce alama ɗaya da na sani ta ko'ar Kekipi, kuma ba ta da amfani ga kowa.

Da alama biyu ake samun wuri. Da ɗaya, layi kawai gare ka, daga gaɓa har inda teku ta ƙare.

"Mu koma," in ji tsohon.

"Mu koma ina?" in ji Palakiko. "Layi ai hanya ce. Tana wani wuri a kansa. Akawu, tuƙa."

Muka bi layin. Mu ɗan tafi, mu tsaya, Kekipi ya ƙwanƙwasa gefen kwalekwale da gindin filafili irin bugun gidansu, a saki ɗan dunƙulen gwaza, Palakiko ya leƙa. Shuɗin ruwa kawai. Mu ƙara gaba. Da rana ta ɗaga muka juyo ta kan layin muna yin haka har gida. Washegari ma haka, da wanda ya biyo. Ni hannuwana suka yi kanta, tsohon ya fara cewa kifin sun riga sun koma ko'ar wasu. Palakiko kaɗai abin bai gajiyar ba. Fita da komowa a kan hanya ɗaya ba tare da an isa ko'ina ba, ya ce, ai shi ne aikin jirgi, ya saba. Amma ya daina cin abincin kirki, kuma Mileka ta gaya mini ta ga ya ciro jakarsa daga ƙarƙashin gado, ya duba, ya mayar.

Ranar da jirgin zai zo na riga na auna kaya tun ana gobe zai zo, na bar wa shugaban ƙungiya makulli. Muna can a kan layi muka ji ƙahonsa. Ya zagayo kusurwar tsibiri ya tsaya a wajen mashiga, aka sauke ƙaramin kwalekwalen ɗaukar kaya. Palakiko ya ɗago kai daga akwati.

"Sun yi masa sabon fenti," in ji shi. "Ga hayaƙin kicin can. Yau Talata, wake da naman gwangwani."

Diddigensa ya fara buga cikin kwalekwale.

Kekipi ya ce, "In za ka, mu kai ka. Ba nisa. Ba zan ce wa Mileka komai ba, ita ma ta san wanda ta aura."

"Ƙwanƙwasa, Baba."

"To tsayar da ƙafar nan, kana ruɗa musu kira."

Palakiko ya danne gwiwarsa da hannu ɗaya, ya mayar da fuska cikin akwati. Muka matsa gaba. Muka sake matsawa. Lodi na ɗaukar lokaci, kuma duk tsawonsa muryoyin ma'aikatan jirgin na iso mu a kan ruwa, har da dariyar wani da Palakiko ya kira sunansa a hankali ba tare da ya ɗago ba. Jijiyoyin wuyansa sun tashi kamar igiya.

Kekipi ya sa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu, ya bar shi a ciki.

"Akawu, daina tuƙi. Bar ta ta tafi da kanta." Ya jira. "Nan ruwa ke juyawa. Ina jin a nan ne yake jan gindin kwalekwale kudu. Ko kuma tsufa ne. Zuba."

Aka saki gwaza. Ya ƙwanƙwasa, ya dakata, ya sake. Jirgin ya busa ƙaho na biyu, alamar zai tashi. Kafaɗun Palakiko suka motsa, amma kansa bai fito daga akwati ba. Sai na ji ya yi magana, muryar na fitowa a toshe:

"Baba."

"Me ka gani?"

"Wani abu ya gilma a ƙasa. Ga wani. Baba, su ne!"

"Da yawa?"

"A'a. 'Yan kaɗan. Suna zagaye, ba su taso ba."

"Ba su san ka ba ne. Ƙara musu, kaɗan-kaɗan, kada ka jefa kamar kana buga tsakuwa." Tsohon ya ci gaba da ƙwanƙwasawa. "Sun ci?"

"Ɗaya ya ci. Ga sauran nan sun biyo."

"To ɗago kanka, maza, kafin ruwa ya matsar da mu. Ta farko na nan?"

"Tana nan."

"Nemi ta biyu da kanka. Ka jera abu biyu da ba sa motsi. Kada ka zaɓi bishiya, kuma kada ka faɗa, ko ni kada ka gaya wa."

Palakiko ya miƙe a gwiwa ya ƙura wa tudu ido. A lokacin jirgin ya wuce ta gabana, ni da ke fuskantar teku, kusa har ina ganin mutane a kan bene. Wani ya ɗaga mana hula. Igiyar da ya bari ta zo ta jijjiga mu, Palakiko ya dafa kafaɗata don kada ya faɗi, amma bai waiwaya ba, yana ta motsa baki yana maimaita wa kansa abin da ya gani.

Da muka sauka bai tsaya cin abinci ba. Ya bi gaɓa kudu, ya dawo da yamma takalminsa a yage, hularsa cike da murjani mai kaushi. Ya zube a gaban Kekipi. Tsohon ya murza ɗaya, ya ce a jera. Ya ci Palakiko kafin a kira su cin abinci.

Kamun shekarar nan bai taka kara ya karya ba. Ni na auna, na sani. Sai da aka yi shekaru ana ciyarwa kafin ko'ar ta koma yadda take. Kekipi ya ci gaba da bin kwalekwale yana zaune a tsakiya yana faɗa, har ƙarfinsa ya ƙare. Har ya rasu Palakiko bai ci shi ba ko sau ɗaya, ko da yake har gobe akwai masu cewa ya ci ranar farar tsakuwa, shi kuma in ya ji sai ya tashi ya bar wurin.

Ba zan ce ya natsu ba. Da safe yana ko'a. Da rana sai ya kama hanya zuwa ƙauyen gaba ba tare da wani dalili ba, ya dawo kafin a sauke tukunya. In jirgi ya busa ƙaho, yakan taka har ƙarshen duwatsu ya tsaya, Mileka kuma ba ta ko ɗaga kai daga abin da take yi. Ƙaramar 'yarsa, wadda ta taɓa ɗaukarsa mai kananzir, ita ke zama da shi a kan dutse yanzu. Jinkirin kakanta ta gado, shi kuma yana zagaya bishiya yana gunaguni. Kwanan baya ta ce ya nuna mata alamun ko'a. Ya buɗe baki zai kafa mata sharaɗin da aka kafa masa, sai ya tuna tun tana 'yar makaranta take cinsa. Ya ce ta ba shi lokaci ya yi tunani, ya kama hanyar ƙauyen gaba.